Amsa ga malamin da iska ta yaye wa rufin makaranta

Malam, ka ce ku biyu rak ke riƙe da aji ɗaya zuwa shida, ga iska ta yaye rufi, ta ina za ka fara. Wallahi kamar labarina kake bayarwa. Shekara bakwai na yi ina hedimasta a irin wannan ƙauyen.

Mu ma guguwar farkon damina ce ta kwashe mana kwanon ajujuwa biyu da daddare. Da safe a gonar bayan makaranta muka tsinto shi duk ya lanƙwashe, rajista ta jiƙe sharkaf, sunayen yara sun dame. Sau huɗu ina zarya zuwa ofishin ilimi a kan babur, da man aljihuna. A na huɗun wani jami'i, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce jiha ba ta zuba nata kason ba, don haka kuɗin UBEC, wato hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ba su fito ba. To, na san tun dokar 2004 haka tsarin yake, sai jiha ta ajiye nata take karɓar na tarayya. Amma mutumin nan fa, bayan wata biyu, shi ne ya zo duba makaranta, ya tarar da mu a gindin darbejiya, allo jingine da itace, ya rubuta mini takardar tuhuma wai ba na kula da kayan gwamnati. A gaban yara ya miƙo mini! Na bar shi da Allah.

Kada ka zauna jiran ofis. Je ka gai da mai gari da liman, ka tayar da kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen gari mai kula da makaranta, kuma ka sa mata a ciki, su ne ke hana talla in sun ga dama. Mu da geron da iyaye suka tara da kaka muka sayi bandir biyu na kwano.

Ranar kasuwa kada ka fara sabon darasi, rabin aji ba sa zuwa. Malami kuwa, nemi ɗan garin mai takardar shaidar malanta ta NCE ko da na sa-kai ne. Wanda aka turo daga birni, kafin ya san sunayen yara ya fara neman canji, kuma ban ga laifinsa ba, albashin a kuɗin mota yake ƙarewa.

Af, duk takardar da ka kai ofis, ka sa a buga maka hatimi a kan kwafinka ka adana. Ni ban yi ba, ranar tuhumar aka ce ban taɓa kai rahoto ba.