Direba ya sa #gaggawa babu wanda ya gani, yanzu ni ake ɗora wa laifi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke kula da zauren Telegram na kamfaninmu. Taki da iri muke rarraba wa dillalai, mun kai mu sittin har da direbobi da masu sito. Kwanakin baya oga ya kawo wani ya yi mana bita, aka raba mana jerin hashtag, wato kalmomi masu alamar # a gaba, da za a riƙa sa wa kowane saƙo. Makon jiya motarmu ta lalace a hanya cikin dare, direba ya rubuta ya sa #gaggawa, babu wanda ya gani sai da gari ya waye. Ana cikin haka akanta ya tura takardar albashi ya sa #manya, wai don shugabanni kaɗai, sai ga shi kowa ya karanta. Yanzu oga ya ce ni ce ban saita zauren daidai ba. Wallahi hankalina a tashe yake, ina tsoron aikina. A ina na yi kuskure? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki. Babu maɓallin da kika manta, domin Telegram ba ta da saitin da zai sa hashtag ya tashi mutum daga barci, ba ta kuma da wanda zai sa ya ɓoye saƙo daga 'yan zaure. Abin da ya same ku sau biyu tushensa ɗaya ne, kuma shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki: mutane sun ɗauka alamar # tana kai saƙo wurin wani.

Ba ta kai shi ko'ina. A Telegram, idan kika rubuta #gaggawa, kalmar ta zama shuɗiya, wanda ya taɓa ta zai ga sauran saƙonnin da aka sa wa wannan kalma. Iyakar aikinta ke nan. Kamar rubutun da ake yi a jikin buhu ne a sitonku: yana taimaka wa mai neman kaya ya gane na wane ne, amma buhun na nan inda aka ajiye shi, kuma duk wanda ya shigo sito zai iya kwance bakinsa. Direbanku ya yi abin da aka koya masa. Saƙonsa ya faɗa cikin zauren da rabin mutanensa sun daɗe da kashe masa ƙara saboda yawan gaishe-gaishe da saƙon Juma'a, ya kwana a nan.

Ruɗanin yana da asali. A tsarin hira ta intanet na IRC da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finland a 1988, # ce ke gaban sunan ɗakin hira. A Agustan 2007 Chris Messina ya ba da shawarar a ara ta a Twitter don tara maganganu masu jigo ɗaya. Daga nan alamar ta zama mai aiki biyu. Manhajojin hira na Slack da Discord sun gaji na farko, a wurinsu # sunan ɗaki ne, kuma ɗakin na iya zama a kulle. Telegram da manhajar hira ta Mattermost sun ɗauki na biyu, wato tara maganganu. WhatsApp kuwa ko kallon alamar ba ta yi, rubutu ne kamar kowane. Wanda ya taɓa aiki da Slack ya ga ɗaki mai hoton kwaɗo da manya kaɗai ke shiga, sai ya zo Telegram ya zaci rubuta #manya ya wadatar. Ko a Slack ɗin ma, idan ka ambaci sunan wani ɗaki a cikin saƙonka, hanyar zuwa ɗakin kawai ka nuna, saƙon bai koma can ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu zuwa ofis-ofis da majigi suna bitar kwana biyu. Da yawansu tallan kaya a Instagram suka iya, inda hashtag yake jawo baƙin idanu, sai su kwaso wannan dabara su juye ta a wurin aiki ba tare da sun tambayi wace manhaja ake amfani da ita ba. Su bar takarda mai laƙabin hashtag talatin ko arba'in, su karɓi kuɗinsu su tafi. Sashen mulki kuma ya buga mata hatimi ta zama doka, har da barazanar takardar tuhuma ga wanda bai sa ba. Babu wanda ya tsaya ya ce a gwada: a ɗauki waya biyu, a rubuta #gaggawa a ɗaya, a ga ko ɗayar za ta yi ƙara. Gwajin minti ɗaya ne. Na sha ganin #sirri a kan hoton katin banki, na ga #shugabanni a kan ƙorafin da ma'aikaciya ta rubuta game da wanda ke sama da ita, alhali shi ma yana cikin zauren. Waɗannan mutane ba sakarkaru ba ne, an gaya musu ƙarya ne suka yarda, kuma su ne ke kwana a ciki idan abu ya ɓaci. Mafi muni ma, laƙabin yana sauƙaƙa wa mai bin ƙwaƙƙwafi aiki. Ya taɓa #sirri sau ɗaya, duk abin da ake son ɓoyewa ya jeru masa a gaba. Idan kuma an bar tarihin hira a buɗe ga sababbin shiga, yaron da aka ɗauka aiki jiya zai karanta abin da aka tura bara. Ki ƙara da cewa zaurukan Telegram ba su da rufin daga-waya-zuwa-waya da WhatsApp ke da shi, wanda ke hana ko kamfanin manhajar karanta saƙo. A Telegram sai hirar sirri ta mutum biyu ce ke da wannan.

To me ke kai saƙo? Alamar @ da sunan mutum. A Telegram, wanda aka ambata da @ ko aka amsa saƙonsa kai tsaye yana samun sanarwa ko da ya kashe ƙarar zauren. Haka idan admin ya maƙala saƙo a sama ya zaɓi a sanar da kowa. Amma mota ta lalace da ƙarfe ɗayan dare, kaya a kai, wannan maganar kiran waya ce. A ba kowane direba lambar mutum biyu masu jiran ko-ta-kwana, ya kira, sannan ya rubuta a zaure don a samu shaida. Abin da ke ɓoye saƙo kuma shi ne jerin waɗanda ke cikin zaure, ba wani abu ba. Albashi, takardar asibiti, ladabtarwa, a buɗe musu zaure dabam mai mutum huɗu ko biyar, ko a bi ta imel. Kar a ruɗe ku da tsarin raba zaure gida-gida da Telegram ta kawo a ƙarshen 2022. Yana da kyau wajen raba hirar sito da ta direbobi, amma duk ɗan zaure yana iya leƙa kowane gida.

Ban ce ku watsar da hashtag ba. Wajen nemo abu bayan wata uku babu kamarsa, musamman a irin aikinku. Ku rage su zuwa biyar ko shida waɗanda za a nema da gaske, irin su #rasit, #lodi, #gyara, #bashi, ki rubuta su a saƙo ɗaya ki maƙala a sama. Ku tsayar da rubutu ɗaya, don wanda ya rubuta #kudi da wanda ya rubuta #kuɗi sun raba tarin gida biyu, kuma ba kowace waya ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Ku guji kalma mai ɗauri a sama: #ma'aikata tana yankewa ta koma #ma. Tazara da karan ɗori su ma suna yanke ta. Mai sito idan ya ɗauki hoton takardar kaya, ya sa laƙabin a rubutun ƙasan hoton, in ba haka ba bincike ba zai gan shi ba. Saƙon murya kuwa, wanda direbobi suka fi so, sai wani ya amsa shi da laƙabin a rubuce.

Game da oga, kar ki tsaya jayayya da baki. Ki nemi minti biyar, ki ce ranka ya daɗe a ba ni waya biyu, ki yi gwajin nan a gabansa, na # da na @. Takardar albashi kuma a goge ta ga kowa yau ɗin nan, tare da sanin cewa wanda ya sauke ta ko ya ɗauki hotonta ya riga ya samu. A faɗa wa ma'aikata gaskiyar abin da ya faru. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan mutanensa, har ta ce a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan fallasar na iya cutar da masu bayanan. Ko taku ta kai nan, lauyan kamfani ne zai duba, kuma ki nemi a rubuce cewa kin sanar da oga wannan.