Ɗana mafaɗaci ne, kawunsa ya ce a sa shi judo

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Garwa nake rubuto miki. Ina da yaro ɗan shekara 10, ba ya barin ta kwana. Mako ba ya wucewa sai an kawo ƙararsa, ko daga makarantar boko ko daga ta allo. Yayana ya ce a kai shi koyon judo, wato irin kokawar nan ta Japan, maigidana kuma ya ce ai ƙara wa Barno dawaki ne, wanda ya iya faɗa a koya masa faɗa. Na rasa na wa zan ɗauka.

Maman yaro, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Tsoron maigidanki yana da dalili, amma ni ina bayan yayanki, da sharaɗi.

Wanda ya kafa judo a Japan a 1882, Jigoro Kano, malamin makaranta ne, kuma tarbiyya ya sa a gaba. Abin da ake fara koya wa yaro shi ne yadda zai faɗi bai ji ciwo ba. Ki duba ɗanki: abin da ya fi ƙona masa rai ai a kayar da shi a gaban mutane. To a can za a yi ta kayar da shi, ya tashi, ya gaida wanda ya kayar da shi, gobe ma ya dawo. A wasan babu naushi, babu shuri. Idan ya danne abokinsa, abokin ya bubbuga hannu, dole ya sake shi nan take, ko da zuciyarsa na tafasa. Irin wannan danne fushin nake so ɗanki ya saba da shi.

Sharaɗin shi ne malami. Ku je ke da maigidanki ku zauna ku ga darasi guda. In malamin yana zagi, ko yana barin manya su ci zalin ƙanana, ku nemi wani. In kun gamsu, ku faɗa masa halin yaron ba ɓoye-ɓoye, ku yi yarjejeniya a gabansa: duk ranar da yaron ya yi faɗa a unguwa, ba shi ba filin a wannan makon.

Amma 'yata, kin taɓa zaunar da shi kin tambaye shi me ake masa? Sau da yawa tsokana ce ta yi wa yaro yawa, kuma judo ba zai amsa miki wannan ba.

Ki zaɓi lokacin da ba zai ci karo da makarantar allo ba. Da zafin Maris da Afrilu na Garwa kuwa, kar ya fita ba gorar ruwa.

Gwaggo