Amsa ga mai Hilux 2KD da ke neman ƙarin ja

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce Hilux ɗinka mai injin 2KD ta ci kilomita 240,000, idan ka ɗora mata kaya sai ta riƙa nishi a tudu, kuma an ce ka sayi ɗan akwatin nan na ƙarin ƙarfi ka toshe EGR (bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin), kana tambayar inda za ka samu kayan. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin na san wannan ciwon. Don Allah kada ka sayi akwatin nan tukuna.

Yawancin masu arha ba abin da suke yi sai yi wa ƙwaƙwalwar injin ƙarya. Ana laƙa su a sensar da ke auna matsin mai, su ce mata matsin ya yi ƙasa, ita kuma ta sa famfo ya ƙara, a layin da dama yake aiki da sama da bar 1,000. Nozul (mai fesa gas cikin injin) ɗin da ya gaji aka ƙara masa wannan matsi ba feshi zai yi ba, tsiyaya zai yi a wuri guda a kan fiston.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu yawo da laftof. Mutum ya sauko da fayil ɗin sauya saitin ƙwaƙwalwar injin daga intanet, bai duba lafiyar nozul ko ɗaya ba, bai tambayi shekarun kulocinka ba, ya zuba maka cikin minti 20 ya karɓi kuɗinsa. Ka taka totur baƙin hayaƙi ya turnuƙe gareji, yara su yi ta tafi, shi kuma yana cewa ai yanzu ta farka. Baƙin hayaƙi fa gas ne da bai samu iskar ƙonewa ba, zafi ne tsagwaronsa. Sati na farko za ka ji daɗi. Ranar da za ta nuna maka ita ce ranar da kake hawan Kibo na hanyar Jos da kaya a giya ta 4, allurar zafin ruwa tana zaune daram a tsakiya domin ruwa take aunawa ba zafin hayaƙi ba, sai ka ji ƙwas-ƙwas, ƙarfi ya ɗauke, farin hayaƙi ya biyo baya. Ka buɗe murfin baƙin mai ka ga yana huci kamar tukunyar dambu. Fiston ya tsage. Ka kira shi, in ya ɗauka ma, ya ce ai gas ɗinka ne gaurayen kalanzir. Allah ya isa kawai.

Motarka ba ƙari take nema da farko ba, ƙarfinta na asali ne ya zube. A sa mata Techstream, manhajar Toyota ta duba lafiyar mota, a duba gyaran da ƙwaƙwalwar injin take yi wa kowane nozul: lambobin su tsaya kusa da sifili, wanda ya haura 3 sama ko ƙasa a cire a gwada a benci. Duk nozul ɗin da ya fita sai an sa sabon wanshar tagulla, domin idan yana yoyo gawayi ke gangarawa cikin baƙin mai ya toshe rariyar famfon baƙin mai. Sabon nozul kuma sai an shigar da lambarsa a ƙwaƙwalwa. A kwance EGR da bututun shigar iska a kankare, za ka ga kwalta ta cinye rabin hanya. Wankewa ta fi toshewa, toshewa tana iya kunna maka fitilar injin. A duba SCV, bawul ɗin da ke daidaita gas ɗin da ke shiga famfon gas, shi ke sa mota ta mutu a hannu ta dawo idan an kashe an tayar. A bi robobin turbo a nemi tsaga. Bel ɗin tayimin kilomita 150,000 ne, ka tabbata an taɓa canza shi.

Af, wace taya ka sa? Manyan tayoyin ƙwalisa su kaɗai sun isa su kashe ja.

Bayan nan sai a zo maganar ƙari. Fara da agogon zafin hayaƙi, a huda bututun hayaƙi kafin turbo a sa sensar, kada ka bari ya daɗe sama da digiri 700. Ya kai nan ka sauke giya. Idan taka mai ƙarfin doki 102 ce marar intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin injin), intakula ce gaba da komai, a zafin Arewa iska mai sanyi ta fi ƙarin mai amfani. Sannan salansa mai faɗin inci 2.5, sai rimaf, wato sauya saitin ƙwaƙwalwar injin, a hannun wanda zai ajiye maka fayil ɗin asali, ya kuma gwada a hanya yana kallon agogo. Ni ba zan wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba. Ka ware kuɗin kuloci, zai fara sulɓewa a giya ta 4 da ta 5. Ka ƙara filtar gas mai raba ruwa kafin ta asali.

Wajen saye: intakula, robobi da bututu na hannu ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, in babu a sa a ɗauko daga Ladipo a Legas. A toshe bakin intakular a hura iska cikin ruwa a ga ko tana kumfa. Turbo na hannu ka kama sandar ka girgiza, in farfela tana gogar bango ka ajiye. Nozul da SCV kuwa sababbi na Denso daga dillalin da zai ba ka rasit, domin jabu sun cika kasuwa har da kwali mai kyau. Agogo da kuloci mai ƙarfi galibi oda ake yi, kayan Hilux na Tailan sun fi yawa tunda can ake ƙera ta.

Turo mana hoton lambobin nozul ɗin tukuna mu gani.