Karayar idon sawu: dole ne a ɗinke jijiya?

Malam, ka ce likita na so ya gyara wa ɗanka jijiya bayan ya ɗaure ƙashin da ƙarfe, kana tambaya ko ɗorin bai wadatar ba. Wani lokaci bai wadatar ba. Jijiyoyi ne ke riƙe ƙasusuwa biyu na ƙwauri daga ƙasa, akwai kuma mai kauri ta gefen ciki. In suka tsinke, gaɓar takan goce ko da milimita 1 ko 2 ne, nauyi ya taru wuri guda, amosanin gaɓa ya biyo baya da wuri.

Ana cikin tiyatar likita kan ja ƙashin, ya duba hoto. In ya ga rata ta buɗe, sai ya sa sukuru ko igiya mai maɓalli ya haɗe ƙasusuwan biyu, wani sa'in ya ɗinke jijiyar gefen ciki. In ba rata, ba a taɓa ta. Don Allah kada ku kai shi wurin mai ɗori ya murɗa. Kuma kada ya taka sai likita ya ba da izini, galibi wajen mako 6.