Ina Anti Bilki a finafinan tarihin marubuta?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin Hausa a nan Katsina. Duk fim ɗin tarihin marubuci da na kalla a talabijin ko YouTube, ko dai na marubucin Turanci ne, ko na mazan jiya irin su Abubakar Imam. Ina matan da iyayenmu suka tashi suna ɓoye littattafansu a ƙarƙashin matashin kai? Son kai ne, ko ba su cancanta ba?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Cire batun cancanta daga ranki. Mai shirya irin wannan fim yana bin abin da ido zai gani ne: tsohon hoto, wasiƙa, jarida, muryar da aka naɗa. Inda aka adana waɗannan, nan yake sauke kayan aikinsa.

Dubi Abubakar Imam. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta garin nan, ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hukuma ta buga aikinsa, hukuma ta adana. Ya cancanci fim goma ma. Amma littattafai biyar da suka fito daga waccan gasa duk na maza ne, har da na yayansa Malam Bello Kagara. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Kin ga tun daga tushe rumbun ya karkata.

Matan da suka biyo baya a shekarun 1990 yawancinsu da kuɗin aljihunsu suka buga, a takarda mai arha, aka baza a kasuwa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki ɗin da mata suka haddace sunanta, 'yar jiharmu ce. Littattafan irin su sun zaga ɗakunan amare da makarantun kwana, amma mu malamai muka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano", muka daɗe muna kallonsu a kaikaice. Wannan laifin namu ne, kuma yana ci mini rai. Na san wani mai hayar littattafai a unguwarmu da ke da babban kundi, ya rubuta sunan kowace mai aro da ranar da za ta dawo da shi. Wani littafin an ɗaure gindinsa da salatif sau uku, shafin ƙarshe ya yage, amma ana layi a kansa. Da ya rufe shagon, masu ƙosai aka sayar wa takardun. Wannan kundi kaɗai ya isa ya riƙe rabin fim.

Akwai kuma batun kuɗi da harshe. Masu ɗaukar nauyin irin wannan aiki sun fi son marubucin da za su iya karantawa. Balaraba Ramat Yakubu ta daɗe da suna a ƙasar Hausa, amma sai da aka fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012 sannan 'yan jaridar waje suka fara sallama a ƙofarta da yawa.

Sai "ba shiga". Samari huɗu da kyamara ba za su zauna a tsakar gidan matar aure su yi hirar awa uku ba. In babu mace a cikin masu aikin, marubuciyar ta fita daga fim tun ba a fara ba.

Kada kuma ki ɗauka an gyara don an saka mace guda ta yi magana minti biyu a ƙarshe. Ki lura da wanda ake ba dama ya yi bayani. In farfesoshi ne kaɗai, an bar mai buga littafin, da mai sayarwa, da mai karanta shi a rediyo, da matar da ta koyi karatun boko don ta daina roƙon a karanta mata. Kuma giɓin bai tsaya kan mata ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya bar mana waƙoƙin Imfiraji. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya. Ga masu rubutun ajami, ga matasan da ke sakin labari babi-babi a WhatsApp.

Ke mace ce, ƙofar da aka rufe wa maza a buɗe take gare ki, kuma wayar hannunki ta isa. Ki nemi izinin marubuciya da na mai gidanta, ki zauna inda babu ƙarar janareta, ki faɗi kwanan wata a farkon naɗin. Ki roƙe ta ta fito da littafin rubutun da ta fara labarin a ciki, ki ɗauki hoton shafukan. In kin gama, ki ba ta kwafi, ki kai wani ɗakin karatu na sashenku.