Muryar Anti Bilki a gurup ɗin gida: wa ke faɗa wa wuta-wuta cewa an shuka dawa?

Ga muryar da Anti Bilki ta turo jiya da daddare, na zauna na rubuta ta saboda masu cewa ba su da data. Kawu ne ya turo hoton gonarsa da ke kan hanyar Giwa yana tambaya, ya aka yi bara da ya sa waken suya ko ƙwara ɗaya na wuta-wuta bai gani ba, bana da ya mayar da dawa sai ga ta ta cika gonar, ko dai hannu aka sa masa. Ga abin da ta ce:

Assalamu alaikum. Kawu ina wuni, ya gida, ya su Inna, ya damina. Ku yi haƙuri tun la'asar na ga saƙon, ina ɗakin gwaji ne hannuna cikin safar roba ba halin taɓa waya, kuma abin da kuka tambaya ba zai rubutu ba gara in yi murya.

To Kawu gaskiya babu hannun kowa a ciki, don Allah kar a ɗora wa maƙwabcin gona. Irin wuta-wutan nan yana cikin ƙasarku tun ba bana ba, bara ma yana nan kwance kuna taka shi. Ai kun san irin nata, kamar ƙura yake, in na zuba muku a tafin hannu za ku ce garin taba ne, kuma tushe ɗaya tal yana iya zubar da iri fiye da dubu 50, ya zauna a ƙasa shekara 10 ko ma fiye bai mutu ba bai kuma tsiro ba. Jira yake. Dalili kuwa shi ne ba shi da guzuri, ƙwayar masara kun ga cike take da gari, shi kuwa ɗan abincin da ke cikinsa na kwana kaɗan ne, in ya kuskura ya fito babu saiwar da zai kama a kusa to ya mutu. Saboda haka ba ya motsi sai ya ji labari cewa dawa ko masara ko gero ta iso kusa da shi.

Ehen, to wa ke ba shi labarin? Ita dawar da kanta. Wannan shi ne abin da nake karatu a kai, su Inna suke ta cewa har yanzu Bilki ba ta gama boko ba. Saiwar dawa tana tsatso wani sinadari cikin ƙasa, ɗan mitsitsi ƙwarai, sunansa sitirigolakton. A 1966 aka fara ciro irinsa a Amurka, kuma abin mamaki daga saiwar auduga aka ciro, ku riƙe min wannan zan dawo kansa. Shi irin wuta-wuta a cikinsa akwai wani furotin da muke ce wa risefta, ni dai kunne nake ce masa don ya fi sauƙi, an ƙera shi daidai da siffar sinadarin nan kamar kwaɗo da ɗan mukullinsa. Da sinadarin ya shiga ya zauna sai kunnen ya sauya siffa, ya je ya kama wani furotin da aikinsa kenan danne tsiro, kamar mai gadi a bakin ƙofa, a lalata mai gadin, sai ƙwayoyin gadon da ke kula da tsiro su tashi aiki. A 2015 masu bincike a Kanada da Japan suka gano waɗannan kunnuwan na wuta-wuta, kuma suka ga ɗaya daga ciki jinsa ya wuce misali, abin da ba za a ce ma akwai shi a ƙasa ba shi ya riga ya ji.

Bari in ba ku yadda muke gani da ido. Muna yanka takardar tata ƙanana-ƙanana kamar kwabo, mu barbaɗa irin a kai, mu jiƙa, mu rufe a faranti mu sa a duhu da ɗumi wajen digiri 30, kwana 10 zuwa 14. Bayan nan sai mu ɗiga ruwan da muka wanko daga saiwar dawa, wasu farantan kuma ruwa zalla. Kwana ɗaya zuwa biyu in kin leƙa, au in kuka leƙa ta madubin ƙara girma, faranti mai ruwa zalla shiru kamar an shuka dusa, wancan kuwa sai ku ga iri bayan iri ya fito da ɗan farin zare kamar wutsiya. Sai in zauna in yi ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Karon farko da na yi, garaje ya sa na tsallake kwanakin jiƙon nan, na ce bari in ɗiga kawai in ga, wallahi ko ɗaya bai fito ba, na yi sati ina zargin sinadarin ya lalace alhali laifina ne. Ashe sai irin ya sha danshi da ɗumi na kwanaki kafin kunnen nasa ya buɗe. Shi ya sa a gona ma sai damina ta zauna ake wannan ciniki a ƙarƙashin ƙasa.

Kuma Kawu abin takaicin, lokacin da kuka ga furen nan mai ruwan hoda a sama, an riga an gama cin kasuwar. Wuta-wutar tana tsirowa sai ta sake jin wani saƙon daban daga jikin saiwar, ta yi wani ɗan kumburi ta huda ta shiga, ta haɗa bakinta da jijiyar ruwan dawar, ta yi makonni tana tsotsa a ɓoye kafin ta leƙo waje. Shi ne kuke ganin dawa ta tsumbure ganye ya yi kamar an babbaka, ga kuma ruwa ana yi. Ai wanda ya raɗa mata wuta-wuta bai yi ƙarya ba.

To yanzu za ku ce wace irin wauta ce dawa za ta riƙa kiran mai kashe ta. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, sai a 2005 wasu 'yan Japan suka warware. Ba wuta-wuta take kira ba. Akwai wani irin fumfuna a cikin ƙasa, zare-zare siriri da ido ba ya gani, abokin hulɗar tsirrai ne tun fil azal, yana shiga lungun da saiwa ba ta kaiwa ya ɗebo mata fosfaras, wato P ɗin nan na tsakiya da kuke gani a jikin buhun kamfa, ita kuma ta biya shi da sukari. Shi take kira. Wuta-wuta laɓe kawai ta yi ta koyi muryar. Kuma ga inda maganar manoma ta fito gaskiya: in ƙasa ta gaji, babu fosfaras babu naitarojin, dawa sai ta ƙara ɗaga murya, ta fitar da sinadarin da yawa don neman agaji, in kuwa ta ƙoshi sai ta yi ƙasa-ƙasa da shi. Tun ina yarinya nake jin Baba yana cewa wuta-wuta ciwon gonar talaka ce, a kai takin gida ta ragu, su sun gani da ido shekaru aru-aru, mu dalilin kawai muka zo muka tarar. Sannan a 2008 aka sake gano sinadarin nan homon ne, wato ɗan aike, a jikin ita shukar, shi ke hana ta yawan toho a gindi da rassa, saboda haka ba za a ce a toshe shi gaba ɗaya a huta ba, tana buƙatarsa.

Yanzu maganar audugar da na ce ku riƙe. Auduga da waken suya da gyaɗa su ma suna fitar da irin wannan kira, irin wuta-wutan dawa ya ji ya fito da sauri, ya laluba ya ga ba gidansa ba ne, ba zai iya rayuwa a jikinsu ba, sai ya mutu a nan. Kenan bara da kuka sa waken suya ba hutu kawai gonar ta yi ba, wani kaso na irin ya fito ya mutu ba ku sani ba. Amma shekara ɗaya ba ta isa, irin da aka yi shekara da shekaru ana tarawa ba zai ƙare a damina guda ba, shi ne kuka ga sauran ya taso muku bana. Ni a ganina kun yi saurin komawa dawa. Kuma a kula, wake namu na gida yana da tasa wuta-wutar daban, gajeruwa, ita ba ruwanta da dawa wake take bi.

Akwai ma dawar da Allah ya yi ta da wata murya daban. Wani farfesa ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, da ke jami'ar Purdue a Amurka, ya yi shekaru a kan wannan har ya ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2009, kuma a 2017 shi da abokan aikinsa suka nuna ƙwayar gado ɗaya ce in ta sauya, sai dawar ta koma fitar da wani nau'in sinadarin wanda wuta-wuta ba ta cika amsa shi ba. Mu kuma ga Samaru a bakin ƙofarmu, cibiyar binciken aikin gona, su ke fitar da irin masara SAMMAZ da irin dawa SAMSORG, ku je ku tambaya takamaimai wanne ne mai jure wuta-wuta, kar ku sayi iri a kasuwa don an ce muku ɗan Samaru ne.

Kai kuma Sadiku na ga abin da ka rubuta, wai wannan duk surutun 'yan ciyawa ne kai likitanci za ka karanta. To ka buɗe kunne, abu ɗaya ne, mai aike, saƙo, kunne, sai aikin da ya biyo baya. Ka ci tuwo sukari ya hau jini, insulin ya fito ya ƙwanƙwasa kunnen da ke jikin ƙwayar tsoka, ba ya ma shiga ciki, daga bakin ƙofa yake sallama, can ciki a yi ta miƙa saƙon hannu da hannu har a turo ƙofofin da sukari zai shiga. Ciwon sukarin manya da ke damun mutanenmu yawanci insulin ɗin yana nan, kunnen ne ya yi nauyi. Ka ɗauki kwalara tunda damina ce. Gubar ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin hanji ta je ta danne wani makunni, ji-furotin ake ce masa, wanda a ƙa'ida yana kunnawa ne ya kashe kansa, ita sai ta maƙale shi ya kasa kashe kansa. Ƙwayar hanjin ta yi ta jin umarnin ƙarya, fitar da gishiri, fitar da gishiri, ruwa kuma gishiri yake bi, shi ne za ka ga ƙato ya zube cikin sa'o'i. Kuma ka san me ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceto? Saboda akwai wata ƙofa daban da gishiri ke shiga tare da sukari, gubar ba ta taɓa ta ba, ta nan ruwa yake komawa. Gilman da Rodbell da suka gano makunnin nan sun ci Nobel a 1994, za ka haɗu da su a jarrabawa ko ka so ko ka ƙi.

Su kansu bakteriya ƙirga junansu suke yi. Kowacce tana sakin ɗan sinadari, in suna kaɗan ya watse ba a ji, in sun yi yawa ya taru sai duk su sauya hali a lokaci ɗaya, kamar motar Kano a Kwangila, ba ta tashi sai ta cika. A 1970 aka fara lura da wannan a wasu na teku masu haske, ba sa haskawa sai sun yi cinkoso. Ita ta kwalara ma tana yi, sai dai nata a juye, in sun cika hanji sai su rage gubar su saki jikin hanjin su fita neman wani.

Ka ma je gonar Kawu in akwai wake a gefe ka tuge ɗaya, za ka ga ƙuraje a saiwar, ka fasa da farce, in cikin ja-ja ne to bakteriya na ciki suna yi wa waken taki daga iska. Su ma sai da aka yi sallama aka amsa, saiwa ta aika su mayar, kafin ta buɗe musu ƙofa.

Kawu na dawo kanku, na yi nisa. Na bana dai a tuge su yanzu kafin furen ya zama ƙwanso, kuma kar a zubar a kunya ko a bakin gona, don ko an tuge ta in ta riga ta yi fure tana iya ƙarasa irinta a kwance, a tara a rami a ƙona. Kar a bar dabbobi su bi ta wurin su kai wa wata gonar, garma da fartanya ma a karkaɗe ƙasar jikinsu. Baɗi da baɗin baɗaɗa a mayar da waken suya ko gyaɗa, a samu takin gida a zuba, sufa ma in da hali. Sai alfarma ɗaya, wajen kusurwar nan ta gabas da na gani a hoto inda ta fi yawa, a ɗebar min ƙasar wurin kamar mudu biyu a leda, daga sama zuwa zurfin taƙi ɗaya, a shanya a inuwa kar a sa a rana. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo cikin gari in karɓa, Sadiku kai za ka kawo min ita gidan Inna. A gaida mutanen gida.