Cajar Waya Ce Ke Shanye Mana Wuta?

Tambaya: Anti barka da aiki, kullum maigidana sai ya yi faɗa wai cajar da nake bari a soket ita ke cinye mana wuta, don Allah gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, yana da ɗan gaskiya amma kaɗan ce, caja in ba waya a jikinta ko rabin wat (ma'aunin cin wuta) ba ta ja. Ɓarayin gaske su ne dutsen guga da hita, wat 1000 zuwa sama suke zuƙa, shi ya sa gara ki tara guga ki yi ta lokaci ɗaya, ruwan zafi kuma iya wanda za ki yi amfani da shi. Tsohon ƙwan nan mai wat 60 da ke ƙona hannu ki cire shi ki sa ƙwan LED, wato na zamani marar cin wuta sosai, mai wat 9, haskensu ɗaya. Cajar dai zare ta kawai a zauna lafiya.